Bagaruwa Ta Kashe Ƙwayar Cuta a Faranti: Za Ta Kashe Ta a Jikin Yaro?

TAMBAYA

Ni malamin firamare ne a Jabo, ƙaramar hukumar Tambuwal, ina kuma ɗan taɓa noma. Tun muna yara, in zawo ya kama ɗayanmu, Inna kan dafa bagaruwa ko ganyen sabara ta ba mu, in kuma baki ya yi ƙuraje ta sa mu kurkure da ruwan sassaƙen marke. Bana ƙanena da ke karatun kimiyya a jami'a a Sakkwato ya zo hutu da hotuna a wayarsa. Ya ce a aikinsa na kammala karatu ya gwada ruwan bagaruwa a kan ƙwayar taifot da wata mai sa maruru, kuma ya hana su yaɗuwa. Ana haka sai ga wani mai magani da lasifika a kasuwa yana sayar da ruwa a kwalba, wai maganin taifot ne da sanyi da olsa, wai jami'a ta tabbatar. Malam, kuɗin magani a kemis yanzu ya fi ƙarfin talaka, bagaruwa kuwa ga ta nan a bakin fadama ba mai cewa kawo sisi. Tunda masana sun tabbatar, me zai hana in riƙa ba 'ya'yana ita in sun yi masassara, in huta da sayen kafso? Ko dai ɓoye mana ake yi don a ci kasuwa da mu?

Wani mai karatu, daga Jabo

AMSA

Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya ba ƙanenka sa'ar kammalawa.

Abin da ƙanenka ya gani da idonsa gaskiya ne. Abin da mai lasifika ya ɗora a kai ƙarya ne, kuma ƙarya ce da ke iya cin rai. Don haka in yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, kada ka tsaya a kan bagaruwa, ka kai shi a duba jininsa. Sauran bayanin da zan yi duk dalilin wannan magana ne, domin mutum irinka da ke koyar da yara ya cancanci a ba shi dalili.

Mu fara da bagaruwar kanta, tunda ka san ta fiye da yadda littafi ya san ta. Ka taɓa tauna kwansonta ka ji baurin nan da ke ɗaure harshe, har yawu ya kafe? Wannan baurin wani sinadari ne da ake kira tanin, kuma bagaruwa na cikin itatuwan da suka fi kowane yawansa. Aikinsa shi ne kama furotin, wato abin da aka gina nama da fata da shi, ya ƙanƙance shi. Majeman Sakkwato sun riga masu ɗakin gwaji sanin haka da ɗaruruwan shekaru. Su ne ke daka kwanson bagaruwa, su jiƙa, su tsoma fatar jar akuya a ciki, su yi ta cuɗawa, har fatar da da an bar ta kwana biyu za ta yi ɗoyi ta koma kirgi mai shekaru bai ruɓe ba. Irin wannan fata ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a Maroko suka laƙaba mata sunan can. Ruɓewar fata aikin ƙwayoyin bakteriya ne. Tanin ya canza furotin ɗin yadda ba sa iya ci, su kansu kuma in ya taɓa su yana lalata musu bangon jiki da sinadaran da suke narka abinci da su. Marke da sabara da kalgo duk suna da rabonsu na wannan baurin, tare da wasu sinadarai na dabam. Ruwa ba ya tsami banza: abin da iyaye suka riƙe tsawon zamani yana da tushe.

Yanzu ga abin da ƙanenka ya yi. Ya shanya bagaruwa a inuwa, ya niƙa, ya jiƙa garin cikin ruwa ko cikin wani sinadarin narkarwa irin su etanol ko metanol, ya tace, sannan ya ƙone ruwan har ya rage wani ɗanƙo baƙi-baƙi a gindin kwalba. Sai ya ɗauki farantin gilashi mai murfi, faɗinsa wajen santimita 9, wanda aka zuba wa abincin ƙwayoyi mai daskarewa. Ya shafe fuskar farantin da ƙwayar cutar, ya huda 'yan ramuka, ya ɗiga ɗanƙon da ya dama a ciki, ya rufe, ya ajiye a akwatin ɗumi mai zafin digiri 37, daidai da zafin jikin mutum, na awa 18 zuwa 24. Washegari farantin duk ya yi hazo saboda ƙwayoyin sun hayayyafa, sai dai kewayen kowane rami akwai da'ira garau inda suka kasa tsirowa. Ya sa rula ya auna faɗinta da milimita. Wannan da'irar ce ka gani a wayarsa. Ɗalibai na yin irin wannan gwaji kowace shekara a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Bayero da ta Ahmadu Bello, kuma sau da yawa bagaruwa da marke kan fito da da'ira mai kyau, musamman a kan ƙwayar maruru. Ƙwayoyin hanji irin na taifot sun fi taurin kai, don suna da ƙarin rufi a bayan bangonsu da ke hana abubuwa da yawa shiga.

Da'irar nan ta ce abu ɗaya tak: in wannan ruwa ya taɓa wannan ƙwaya kai tsaye, da wannan kaurin, ƙwayar ba ta yaɗuwa. Ruwan toka ma zai yi haka, gishiri mai yawa zai yi, kananzir zai yi, amma ba wanda zai ɗura wa ɗansa kananzir. Tambayar da farantin bai amsa ba ita ce, in an sha, nawa ne zai isa inda ƙwayar take, kuma me zai yi wa mai shan kafin ya isa.

A nan lissafi yake, kuma ina so ka bi ni a hankali, tunda kai malami ne. Masana suna auna ƙarfin magani da mafi ƙarancin adadin da zai tsayar da ƙwaya a cikin mililita 1 na ruwa. Siprofuloksasin, wanda aka daɗe ana ba masu taifot, yana tsayar da ƙwayar da ba ta bijire masa ba da ƙasa da mikirogiram 1. Ruwan itace da ba a tace sinadarinsa ba kuwa, a rahotanni da yawa sai an kai miligiram kaza kafin ya yi aiki, alhali miligiram 1 mikirogiram 1,000 ne. Masu bitar irin wannan bincike sukan ce ruwan itacen da ya cancanci a bi sawunsa shi ne wanda ya yi aiki a ƙasa da mikirogiram 100. To, a ce na ƙanenka ya yi aiki a miligiram 5. Babban mutum na da jini wajen lita 5. Kafin jininsa ya kai wannan kaurin, sai giram 25 na ɗanƙon nan ya shiga jijiyarsa ya zauna, ba a cikinsa ba, kuma ya ci gaba da zama haka kwana da kwanaki. Ba hantar da za ta ɗauki wannan. Ballantana ma tanin ba ya ƙetare hanji sosai. Da ya sauka ciki yake manne wa furotin ɗin tuwo da na bangon hanji, mafi yawansa ya fita ta bayan gida, ɗan abin da ya shiga kuma hanta ta canza shi, ƙoda ta zubar. Ga shi tukunyar Inna ruwa ce, ba metanol ba, kuma ba ta ƙone shi ya zama ɗanƙo. Bagaruwar kaka da ta bazara, ta fadama da ta tudu, ɗanya da busasshiya, ba ƙarfinsu ɗaya ba. Kofin yau da na gobe ba awo ɗaya ba ne.

Shi ya sa nake so ka riƙe wannan rabe-raben, zai yi maka amfani a kan kowane itace aka kawo maka. Akwai ciwon da ke a sarari, inda magani ke taɓa ƙwaya kai tsaye: ƙurajen baki, dasashi mai jini, ƙaramin rauni, ƙaiƙayin tsakanin yatsu. Akwai kuma wanda ƙwayarsa ta shige jini, ko huhu, ko ƙashi, ko ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. A kashi na farko itatuwanmu na da abin cewa. Kurkure baki da ruwan marke ko bagaruwa da aka tafasa aka tace yana da ma'ana, haka goge haƙori da asuwaki. Zuma mai kyau tana hana ƙwayoyi sakat a kan rauni saboda kaurinta da ɗan tsaminta da wani sinadarin kashe ƙwaya da take saki a hankali, har asibitocin Turai na amfani da wadda aka tsabtace wajen ɗaure gyambo; sai dai ba a ba jaririn da bai kai shekara ba zuma ya sha. Tafarnuwa in an daka ta tana fitar da alisin, wanda Chester Cavallito ya ware a Amurka a 1944 ya nuna yana kashe ƙwayoyi, amma in aka ɗaure ɗanyarta a fata tana ƙonawa. Ko a sararin ma akwai iyaka. Likitoci sun taɓa shafa tanin a babbar ƙuna, suka daina a shekarun 1940 bayan an ga hantar wasu majinyata ta lalace. Kada a zuba garin itace a ƙuna mai faɗi, ko rauni mai zurfi, ko cibiyar jariri. Ga cibiya akwai man kulohekzidin, wanda jihar Sakkwato ce ta fara rarraba shi a faɗin jiha a Najeriya a 2013. Nonon tumfafiya kuwa kada ya kusanci ido, kuma man 'ya'yan dogon yaro ya sha jefa jarirai cikin jijjiga da suma a Indiya da Malesiya bayan an ɗura musu.

Taifot na kashi na biyu. Ta baki take shiga, cikin ruwa ko abincin da ya gurɓata, amma ba ta tsayawa a hanji. Tana ratsa bangonsa ta shiga jini, ta ɓuya cikin ƙwayoyin jikin mutum a hanta da saifa da ɓargo. In ba a yi maganinta ba, wajen mako na uku tana iya huda hanji, ciki ya kumbura ya yi tauri, daga nan sai tiyata, in an yi sa'ar isa da wuri. Ruwan bagaruwa na iya tsayar da zawon da ke tare da ita, gida ya ɗauka an samu sauƙi, alhali ƙwayar na can tana ɓarna inda ruwan bai kai ba. Wannan ne ya fi tsorata ni a tambayarka, wato kwanakin da ake ɓatawa ana jiran jiƙo ya yi aiki. Kuma ka sani ba kowace masassara ce taifot ba. A ƙasarku da damina mafi yawanta cizon sauro ne, wanda ba bakteriya ke kawo shi ba, kuma gwajin yatsa na minti 15 zuwa 20 a asibitin garinku zai nuna. Gwajin Widal da ake yawan dogara da shi, shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot.

Ku mutanen wannan yanki ba sai an ba ku labarin sanƙarau ba. A annobar 2017, wadda ta faro daga Zamfara ta shigo Sakkwato, an lissafa sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu a ƙasar nan, sama da 1,100 suka rasu. Ciwo ne da ke kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu, maganinsa allura ce da ke iya ratsawa zuwa ruwan ƙwaƙwalwa. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya ba su da jira. Akwai kuma ciwon nan da likitoci ke kira noma, mai zaizaye kunci da leɓen ƙananan yaran da yunwa ko ƙyanda ta raunana. Da ɗan gyambo a dasashi da warin baki yake farawa, daidai irin abin da uwa za ta ce bari a kurkure da marke. In kunci ya fara kumbura, kwanaki kaɗan suka rage kafin nama ya mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba magani yana iya kashe 9 cikin 10, alhali a farkonsa maganin kashe ƙwayoyi na yau da kullum da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi. Tun 1999 akwai asibiti na musamman dominsa a cikin Sakkwato. Ƙurajen bakin babba lafiyayye dabam, na yaro ramamme mai warin baki dabam.

Game da zawo, Inna ba ta yi kuskuren gani ba, bauri na ɗaure hanji ya rage tsiyaya. A 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna kurofelema, daga jan ruwan wani itacen Kudancin Amurka, ɗan gidan su tanin, don zawon masu cutar ƙanjamau. A cikin hanji yake aikinsa, yana rage zubar ruwa, ba ya ma kashe ƙwaya. Amma abin da ke kashe yaro a zawo ƙarewar ruwan jiki ne, kuma yawancin zawon yara bairas ke kawo shi, wanda ba ya jin kafso. Abin yi na farko shi ne ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, in babu a haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari, shafaffe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa. A haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba da nono da abinci. In akwai jini a bayan gida, ko ido ya zurma, ko yaro ya kasa sha, ko zawon ya zama kamar ruwan shinkafa, a tafi asibiti nan take. Kwalarar 2021 ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,500, kuma Sakkwato na cikin jihohin da suka ji jiki.

Sai batun ɓoyewa. Na fahimci inda zargin ya fito, don wanda ya je kemis da kuɗin buhun gero ya dawo da 'yar leda dole ya yi tunani. Amma duniya ba ta ƙin maganin itace, nemansa take ido rufe. Kwinin daga ɓawon wani itacen Kudancin Amurka aka ware shi a Faransa a 1820. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba 'ya'yanka yau daga wani ganye ɗan dangin tazargade ya fito. Wata masaniya 'yar Sin, Tu Youyou, ta bi tsofaffin littattafan likitancin ƙasarsu har ita da abokan aikinta suka ware sinadarin a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. A gida ma, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya daga Oyo, Rabaran Paul Ogunyale, wanda akwai kanumfari da masoro a ciki, ta gwada shi a kan masu sikila har ya zama maganin Niprisan. Kuma rubuta ilimin magani ba baƙon abu ba ne a ƙasarku: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basur da na amfanin filasko. Sai dai a fagen kashe bakteriya a cikin jini, itatuwa ba su ba da abin da ya kai ba tukuna. Manyan magungunan wannan fage daga fumfuna da ƙwayoyin cikin ƙasa aka samo asalinsu, kamar fenisilin da Alexander Fleming ya lura da shi a 1928, wasu kuma a ɗakin gwaji aka ƙera su. Shi kansa fenisilin, daga da'irar da Fleming ya gani a farantinsa zuwa ranar da aka fara yi wa majinyaci allurarsa a Oxford a 1941, sai da aka shafe shekara 13.

Buƙatar kuwa ta kai matuƙa, domin magungunan da ke hannu suna rasa kaifi. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai ƙwayoyin da suka bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma yankin da abin ya fi muni bisa yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma. Mu ma da hannunmu a ciki. Mutum ya sayi kafso biyu ja da rawaya don ciwon ciki, ya sha, ya ji dama-dama, ya bari; ko a buɗe shi a zazzaga wa kaji a ruwa. Rabin magani yana kashe raunanan ƙwayoyi ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Saboda haka ba ina ce maka ka bar bagaruwa ka rungumi kafso yadda ka ga dama ba. Ma'aikacin lafiya ya duba ya rubuta, a sha cikakke, in bai rubuta ba a bar shi.

Mai lasifika kuwa, ka karɓi kwalbar ka juya ta. In akwai lambar hukumar NAFDAC da ke ƙarewa da harafin L, ma'anarta an duba an ga ba ta da guba a iya gwajin da aka yi, ba shaidar tana warkarwa ba ce, kuma doka ta sa a rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai ita ba. In babu lamba sam, ba ka san me ke ciki ba, ba ka san da wane ruwa aka dama ba, ga ta ta wuni a rana a bayan mota. Taifot da ciwon sanyi da olsa ƙwayoyinsu dabam-dabam ne, mazauninsu a jiki dabam-dabam. Aikin ɗalibi a faranti ba tabbatarwar jami'a ba ne, kuma ƙanenka zai fi kowa gaya maka haka.

Shi kuma ƙanen naka, ka isar masa da saƙona. Irin aikinsa ya yi yawa a ɗakunan karatun jami'o'inmu, an auna da'ira, an ɗaure littafi, an ajiye ya sha ƙura. In yana so nasa ya wuce nan, ya dawo Jabo ya zauna gaban Inna ya rubuta yadda take yi daki-daki: wane ɓangaren itacen, wane lokaci ake cira, tafi nawa a ruwa nawa, tafasa nawa, wa ake ba, wa ake hanawa. Ya gwada wannan dafaffen ruwan yadda yake, gefe da gefe da maganin asibiti a faranti ɗaya, ya fitar da mafi ƙarancin adadin da ke aiki maimakon faɗin da'ira kawai. Ya kai reshen itacen da ganye da kwanso ma'ajiyar tsirrai ta jami'a a tabbatar da sunansa a ba shi lamba. Ya karkata ga abin da itacen ya fi iyawa, kamar ruwan kurkure baki ko na wanke ƙaramin rauni mai awo tsayayye, wanda malaman harhaɗa magunguna da likitocin asibitin koyarwa za su iya gwadawa a kan mutane bisa ƙa'ida. In zai sassaƙi marke a dajin Kebbe, ya ɗebi gefe ɗaya, kada ya kewaye gindin, don itacen da aka yi wa zobe mutuwa yake yi, ga masu gawayi sun riga sun rage shi.

Allah ya raya maka zuri'a, ya ba mu lafiya mai amfani.